Magazin ɗin Suame: muna da hannu, saura awo

Kafin azumin da ya wuce, wata ranar Talata, injin nika-nikan kawuna da ke unguwar Aboabo a Kumasi ya tsaya cak. Sandar ƙarfen da ke juya faifan niƙa ce ta karye daidai wajen da boris ke zama, wato zoben ƙarfe mai 'yan ƙwallaye da sandar ke juyawa a cikinsa. Duk wanda ya tashi a zango ya san abin da wannan ke nufi, mata sun jera bokitai tun asuba da jiƙaƙƙiyar masara da gero, mai koko na jira, mai dokunu na jira, mai tuwo na jira, kowa kuma da nasa masu sayen da ke jiransa. Kawu ya naɗe guntayen biyu a buhu ya ce min in taso mu je Magazin, wato matattarar makanikai da maƙera da ke unguwar Suame.

Mun samu wani dattijo mai injin da suke ce wa let, wato injin da ke kama ƙarfe yana juya shi da gudu, wata 'yar wuƙa na fere shi a hankali kaman ana fere doya. Ya juya guntayen a hannunsa, ya shafa bakin karayar da babban yatsa, bai ce komai ba sai ya aiki yaronsa wajen masu kondem, wato masu sayar da tsoffin ƙarafa. Yaron ya dawo da tsohuwar sandar ƙafar baya ta wata babbar mota. Masta ya ɗaura ta, ya auna, ya fere, ya tsayar da injin ya sake aunawa, ya ƙara ferewa, ya ɗauko boris ɗin ya gwada, ya cire ya ɗan ƙara shafa wurin. Kafin la'asar injin kawu ya koma aiki.

Muna tsaye ana ɗaure mana sandar a abobo-ya, babur ɗin ɗaukar kaya mai ƙafa uku, sai na tambayi dattijon, nace Baba, da wani zai zo ya ce yana son irin wannan guda ɗari biyar zaku iya? Ya ɗan yi shiru sannan ya ce, "Ɗana, wannan na yi ta ne don injin kawunka, da boris ɗinsa a hannuna. Ɗari biyar da kowace za ta shiga kowane inji ba tare da na gani ba, wannan wani aiki ne daban."

Tun ranar maganar nan take min yawo a kai, don a ganina duk muhawarar da ake yi a rediyo kan masana'antu da ƙere-ƙeren zamani da samar wa matasa aiki, amsarta tana cikin abin da dattijon nan ya faɗa. Bari in warware shi yadda na fahimce shi.

Da farko mu duba kuɗin da kawu ya kashe ranar, ina ya je? Mai kondem ya samu, masta ya samu, yaransa sun samu na abinci, mai walda da ya gyara mana mazaunin ya samu, mai abobo-ya ya samu, kuma da rana duk waɗannan wajen mai wake da shinkafa da mai fura suka nufa. Kusan babu sidi ɗaya da ya bar Kumasi. Da a ce sabuwar sanda aka sayo a shago wacce aka yi a Sin ko Indiya, to ribar mai shago da ɗan kuɗin dako ne kawai za su zauna a garin, sauran ya zama dala ya tafi. Wannan shi ne asalin yadda aikin injiniya ke juya tattalin arzikin gari, kuɗin na zagayawa hannu biyar hannu shida kafin ya fita, sannan kar a manta da abin da ba a ƙirgawa, wato matan nan da ba su yi asarar cinikin sati biyu suna jiran kaya daga waje ba.

Magazin kuwa ba jiya aka fara ba. Tun wajajen shekarun 1930 masu gyaran mota da maƙera suka fara taruwa kusa da ma'ajiyar makaman sojan Turawan mulkin mallaka a cikin gari, ita ma'ajiyar ce ake kira magazin, da aka mayar da su Suame sai sunan ya bi su. Ƙiyasin da aka fi ambata yau shi ne mutum wajen 200,000 a shaguna da garejoji kusan 12,000, shi ya sa ake saka wurin cikin manyan matattarar masu aikin hannu a Afirka gaba ɗaya. Kuma zaman Kumasi a tsakiyar hanya ya taimaka sosai, duk motar da ta ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwan Tema za ta Tamale ko Bolga ko ta ƙetare zuwa Burkina da Mali da Nijar, nan ne hanyarta. Hanyar da kakanninmu suka bi da goro ita ce yanzu tireloli ke bi, kuma har yau in ka shiga layin masu manyan motoci za ka ji Hausa na tashi tsakanin direban da ya taso daga Nijar da yaron zango da ke masa tafinta wajen masta mai jin Tonanci kaɗai, wato yaren Ashanti. Wannan ma wani jari ne da muke da shi ba mu cika lissafa shi ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, injinan let da ake gani a Magazin akwai hannun jami'a a ciki. A 1972 jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST da ke Kumasi ta buɗe wata cibiya mai suna TCC don kai ilimin injiniya ga masu ƙananan sana'o'i, cikin abubuwan farko da suka fara yi har da noti da ƙusoshin ƙarfe masu zare, waɗanda masu haɗa bodin katako na manyan motoci ke tsananin buƙata lokacin da kayan waje suka yi wuya. A 1980 suka buɗe reshe a cikin Suame kanta, wanda ake kira ITTU, aka kawo injinan fere ƙarfe da na yankan haƙoran giya, aka koyar da mutane, aka taimaka musu suka mallaki nasu, daga baya aka shigo da zubin baƙin ƙarfe. A 1987 gwamnati ta kafa wani shiri mai suna GRATIS don a yi irin wannan a sauran yankunan ƙasar. Ni a wajena wannan ne mafi girman abin da aka taɓa yi wa Magazin, don daga nan ne wurin ya tashi daga gyara kaɗai ya shiga ƙera injin niƙa, injin gurza rogo, injin matse manja, injin buga bulo, injin yankan katako. Ka je ƙauyen da ake garin rogo ko manja a yankin Ashanti ko Bono ka duba injin da suke aiki da shi, sau da yawa hannun ɗan Magazin ne. Malaman jami'a ne suka sauko suka zauna cikin baƙin mai tare da masu sana'a, aka samu shekara arba'in ana cin moriyar.

To amma shekara arba'in ɗin fa ta wuce, kuma yawancin injinan nan dama tsofaffi aka sayo su daga Turai.

Nan ne maganar awo ta shigo. Kaurin gashin kan mutum galibi bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Tazarar da ake bari tsakanin karanshaf na mota, wato babbar sandar da fistan ke juyawa a cikin inji, da metal ɗin da yake kwance a kai, inda mai ke ratsawa, ba ta ma kai kaurin gashin ba, wajen rabinsa ce. In ta yi yawa mai ya zube inji ya fara ƙwanƙwasa, in ta yi kaɗan ya yi zafi ya kama. Masu gurza karanshaf a Magazin sun san wannan sarai, shi ya sa za ka ji ana cewa an gurza shi zuwa ten ko twanti, wato an rage kaurinsa da 0.25 ko 0.50 na milimita sai a sa metal mai kauri daidai da hakan. Ke nan ba wai ba mu san awo ba ne kwata-kwata, akwai mutanen da maikuromita, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, ke hannunsu kullum, kuma wallahi wasu tsoffin da yatsa kaɗai za su gaya maka ƙarfe ya ci ko bai ci ba. Matsalar ita ce awon yana cikin kan masta da yatsunsa, ba ya kan takarda. Yana yin abu ne ya dace da abokin zamansa da ke gabansa. Ita kuwa masana'antar zamani ba ta san wannan ba, abin da ta sani zane ne da aka rubuta cewa kaurin wurin nan kaza ne, an yarda ya ɗara ko ya gaza da kaza, ka yi dubu goma, a ɗauki kowanne ido rufe a saka a mota a Tema ko a Abijan ya shiga. In guda ashirin suka kauce a cikin dubu sai a dawo maka da kayan duka.

Me ake buƙata kafin a kai nan? Abu na farko da kowa ke ambata shi ne inji mai kwamfuta, wanda ake ce wa si-en-si, za ka ba shi zane a rubuce ya yanka na farko da na dubu iri ɗaya ba gajiya ba ɓacin rai. Gaskiya ne ana buƙatarsa, kuma akwai 'yan ƙalilan a ƙasar. Amma mutane na ɗauka in an sayo injin an gama, alhali shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Sai an samu wanda ya iya karanta zane ya kuma iya rubuta shi, sai an samu kayan awo da su kansu ake kai su a gwada lokaci-lokaci don ma'auni ma yana yin ƙarya in ya tsufa, sai wuta ta tsaya da ƙarfinta don inji mai kwamfuta ba ya son wutar da ke hawa da sauka, sannan uwa uba sai an san wane ƙarfe ake yankawa.

Wannan na ƙarshen ina so in ɗan daɗe a kansa don shi ne aka fi tsallakewa. Me ya sa dattijon nan ya aika a nemo sandar ƙafar mota bai ɗauki kowane rodi ba? Don ya san wancan ƙarfen an riga an haɗa shi da sinadaran da suka dace an kuma gasa shi yadda zai jure murɗa. Wato ilimin masana'antar da ta ƙera motar ne ya ara. Dabara ce mai kyau in guda ɗaya za ka yi. In ɗari biyar ne ina za ka samu tsoffin sanduna ɗari biyar iri ɗaya? Dole ka sayi sabon ƙarfe da aka san haɗinsa, kuma kamfanonin narka ƙarfe da muke da su a Tema yawancinsu rodin gini suke fitarwa daga kondem, wanda ba a yin giya ko sandar inji da shi. Haka in ka yanka giya komai kyanta, in ba a gasa haƙoranta a zafin da ya dace an tsoma ta yadda ya dace ba, wata biyu za ta cinye ko ta farfashe. Masu zubi ma haka, ana zuba kondem kala-kala a tukunya a narka, yau a dace gobe a samu mai taushi. Shi ya sa ake ta ƙorafi kan faifan niƙa na gida cewa yana saurin cinyewa, kuma ƙarfen da ya cinye ɗin ina ya tafi in ba cikin ƙullun da muke damawa ba? Wannan abin yana damuna sosai, don gyaransa ba wani abin sama ba ne, ɗakin gwaji ne ƙarami kusa da masu zubin da zai gaya musu abin da ke cikin tukunyarsu kafin su zuba.

Irin wannan giɓin har a sama yake. Muna haƙo ƙasar alminiyam a Awaso, muna da kamfanin narka alminiyam na VALCO a Tema tun 1967 da aka gina saboda wutar madatsar ruwa ta Akosombo, amma matakin tsakiya na tace ƙasar ta zama farin garin da ake narkawa ba mu da shi, sai a fitar da ɗanya a shigo da tatacce.

Yanzu mu zo kan kamfanonin haɗa motoci da aka yi ta murna da su. A 2019 gwamnati ta fitar da tsarin bunƙasa harkar motoci da rangwamen haraji ga masu haɗawa a gida, a 2020 Volkswagen ta fara haɗawa a Accra, a 2021 Toyota ta buɗe nata a Tema, a 2022 aka buɗe na Nissan. Ga kuma Kantanka na Apostle Kwadwo Safo a Gomoa Mpota da ya riga su. Ni ban raina wannan ba, abin farin ciki ne. Sai dai a fahimci me ake yi a ciki. Yawanci motar na zuwa ne an riga an yi mata bodi an yi fenti, a nan sai a ɗaura inji da ƙafafu da sauran abubuwan da aka kwance. Aikin mutum goma-goma ne zuwa ɗaruruwa, ba dubbai ba. Mota ɗaya tana da ƙananan sassa dubbai, kuma a ƙasashen da harkar ta kafu yawancin ma'aikata ba a babban kamfanin suke ba, suna wajen masu kawo masa kujera, batir, wayoyi, gilashi, salansa, roba, noti. Maroko misali ce, tun da Renault ta buɗe masana'antarta a Tanja a 2012 abin da ya canja ƙasar shi ne ɗimbin kamfanonin sassa da suka taru kewaye da ita, har fiye da rabin abin da ke cikin motar ya zama na gida.

Toh tambayar da ta shafe mu a Kumasi ita ce, cikin motar da aka haɗa a Tema akwai ko ƙarfe ɗaya da ya fito daga Suame? In babu, to kamfanin nan da Magazin maƙwabta ne da ba sa gaisawa. Kuma ƙofar shiga ba wata ba ce illa awon nan, kamfani ba zai duba cewa masta ya shekara talatin yana aiki ba, zai ce kawo samfuri a gwada, nuna min takardar ƙarfen da ka yi amfani da shi, nuna min za ka iya kawo dubu biyu duk wata ba fashi. Ba kuma yau Kumasi ta fara haɗa mota ba, Neoplan ta fara haɗa bas-bas a garin nan tun 1974, sannan a 2013 'yan Magazin ƙarƙashin ƙungiyarsu SMIDO tare da wasu 'yan Holan sun ƙera wata mota da suka sa wa suna Turtle, har aka kai ta Turai aka nuna. Ta tabbatar da cewa za a iya yin guda ɗaya, wanda dama mu nan ba mu taɓa shakka ba.

Akwai kuma inda buƙatun suka yi karo, kuma gara a faɗi gaskiya. Dokar kwastan ta 2020 ta zo da hana shigo da motocin da suka yi hatsari da waɗanda suka haura shekara goma, don a buɗe wa sababbin kasuwa. Dillalai da masu sifeya, wato masu sayar da kayan gyaran mota, da makanikai suka yi ca, gwamnati ta jingine aiwatarwa. Wanda ke zaune a ofis zai ce ai sun ƙi ci gaba ne, amma motar hatsarin nan da ake kawowa daga Amurka ita ce abincin mai buga bodi da mai fenti da mai wayarin da mai kujera, tsohuwar hom-yus kuma, wato motar da aka riga aka yi amfani da ita a waje, ita talaka ke iya saye ya yi tasi. Ba za ka rufe wa mutum dubu ɗari ƙofa ba alhali wacce ka buɗe ɗari biyu kawai take ɗauka. Sai an fara gina musu hanyar shiga sabuwar harkar tukun.

In ana neman misali kusa da gida a duba Nnewi a Najeriya. 'Yan kasuwar sifeya ne, shekara da shekaru suna sayo kaya daga Taiwan, da kuɗin waje ya yi wuya a shekarun 1980 sai wasunsu suka sayo injinan da kansu suka kawo masu koyarwa suka fara yin kayan a gida, daga nan ne har aka samu kamfanin haɗa motoci na Innoson. Ba da mota suka fara ba, da ƙananan abubuwa suka fara waɗanda suka riga suka san kasuwarsu. Masu sifeya na Suame da na Abossey Okai a Accra suna da irin wannan sanin, sun san wane bushin ne ke ƙarewa duk sati, wane birki ne ake nema. Kuma 2022 ta koya mana darasi, dala ɗaya ta tashi daga wajen sidi shida a farkon shekara ta haura goma sha huɗu kafin ƙarshenta, hauhawar farashi ta wuce kashi 50 cikin ɗari a Disamba, kayan gyara suka ninka, motoci suka yi ta kwana a gareji don mai su ba zai iya sayen abin da ake buƙata ba. A watannin nan masu let da masu zubi ne suka riƙe mutane da yawa.

Ɗaya ɓangaren da ke tafe da gudu shi ne motar kanta ta canja. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka sai da ramin da ake jona na'urar bincike, kuma motocin da ke shigo mana yanzu kwamfuta ce ke raba mai, ita ke ba da wuta, ita ke canja giya. Na ga wannan da idona a wani gareji kusa da Tafo, an kawo wata ƙaramar mota tana jijjiga, masta ya kasa kunne ya ce filogi ne aka canja, ba ta daina ba, ya ce famfon mai ne aka canja, ba ta daina ba, mai motar ya kashe kuɗi har ya fara faɗa. Sai aka kira wani yaro da bai wuce shekara ashirin da biyu ba, ya zo da 'yar na'ura a jakar baya ya jona ƙarƙashin sitiyari, ya karanta lambar da ta fito, ya duba a wayarsa, ya ce a ciro sansan da ke auna iskar da ke shiga inji. Datti ne ya toshe shi. Minti ashirin. Abin da ya tsaya min a rai shi ne fuskar mastan, mutum ne da ya yaye yara sun fi talatin, kuma kunnensa bai yi ƙarya ba shekara da shekaru, yanzu ga shi tsaye yana kallo. Daga baya na ji ya ce wa yaron, in kana da lokaci ranar Lahadi ka zo ka nuna min. Wannan dattakun ya burge ni ƙwarai.

Ga masu haɗin batir da fetur sun fara yawa, masu lantarki zalla na biye, su kuma ba su da fistan ba su da ringi ba su da karanshaf ɗin da za a gurza. Ba gobe tsoffin motoci za su ƙare a titunanmu ba, za a daɗe ana tare, amma yaron da aka kai koyon aiki bana zai yi shekara arba'in yana cin abinci da abin da ya koya.

Shi ya sa nake so in yi magana da mu 'yan zango kai tsaye, iyayenmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Tafo. Al'adarmu ita ce yaron da boko ya ƙi shi ake kaiwa Magazin, a sayi lemo a biya kuɗin masta a ce ga shi nan amana. Ba laifi ba ne, sana'a ta rufa wa dubbai asiri. Amma aikin da ke zuwa yana son yaron da ya iya lissafi, ya san bambancin 0.5 da 0.05, ya iya karanta Turancin da na'ura ke rubutawa, ya iya duba zane ya gane abin da ake nufi. Wato yaron da muke ɓoyewa muna cewa wannan likita zai zama ko lauya, shi ma Magazin na buƙatarsa, har da 'yan mata, don inji mai kwamfuta ba ƙarfin damtse yake nema ba. Ga makarantar koyon fasaha ta KTI a garin nan, ga jami'ar fasaha ta Kumasi da a da ake kira Poli, ga KNUST. Wanda ya haɗa takardar can da hannun nan shi ne zai riƙe garejin gobe. Kuma attajiranmu da ke zuba kuɗi a tireloli da filaye da shanu, na so a ce ko mutum biyar sun haɗa kai sun sayi inji ɗaya na zamani da kayan awo sun ɗauki ɗan jami'a ɗaya da tsohon masta ɗaya sun zaunar da su a shago guda.

Na san abin da za a ce min, kuma gaskiya ne. Ruwan bashin banki a ƙasar nan ya sha haura kashi 25 har 30 cikin ɗari, ba wanda zai ci irin wannan bashin ya sayi injin da sai ya shekara biyar kafin ya mayar da kuɗinsa, ga mu kuma da yawanmu ba ma son kusantar ruwa tun asali. Masu sana'a da yawa a Magazin ba su da takardar filin da suke kai balle su bayar jingina. Wuta kuma duk wanda ya yi zamanin dumso na yawan ɗauke wuta, musamman 2014 da 2015, ya san yadda ake zaman banza wuni guda yara na kwance kan benci, mai zubi kuwa in wuta ta ɗauke ana tsakiyar narka to tukunyar ta tashi a banza. Babu masta ɗaya da zai iya magance waɗannan shi kaɗai. Abin da ya yi aiki a 1980 shi zai sake yi, wuri ɗaya na kowa da kowa a cikin Magazin ɗin, mai injinan da mutum ɗaya ba zai iya saye ba, da murhun gasa ƙarfe da ɗakin gwaji da wuta tsayayya, ka zo da aikinka ka biya na awa ka tafi. Sannan gwamnati in za ta sayi gadajen asibiti, kujerun makaranta, kayan gyaran famfunan burtsatse, ta rubuta awon da take so ta ce duk wanda ya cika a Suame za a saya a wajensa, don ba wanda zai sayi injin yin dubu in ba shi da tabbacin mai sayen dubu. Ga kasuwar bai-ɗaya ta Afirka da hedikwatarta ke Accra, an fara ciniki ƙarƙashinta tun Janairun 2021, direbobin Wagadugu da Yamai da Bamako kuwa dama sun san hanyar Suame ba sai an yi musu kwatance ba.

Wani abu kuma da ba zan ɓoye ba, hannun da ya iya ƙera injin manja shi ne ya iya ƙera injin canfan da ake ɗorawa kan ruwa ana galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, kuma mun ga yadda kogunan Ofin da Pra suka koma kalar koko, Ofin ɗin nan kuwa a kansa madatsar Barekese take wacce Kumasi ke sha. Mai walda zai ce maka shi aiki aka kawo masa, kuma masu zinariya ne ke biya nan take ba ciniki. Haka baƙin man da ake zubarwa a ƙasa a Magazin ruwan sama ya wanke shi zuwa rafi. Ƙwarewa tana bin inda kuɗi yake ne, in ba a samar mata da kasuwa mai tsafta ba za ta samu wata.

Satin da ya wuce na koma wajen dattijon nan da ƙanena da ya gama sakandaren fasaha bana, ya iya zane a kwamfuta amma bai taɓa tsayawa gaban let na awa ɗaya ba. Na ce Baba ga ɗanku na kawo. Ya dube shi ya miƙa masa maikuromita da wani guntun ƙarfe ya ce auna ka gaya min. Yaron ya auna ya faɗa, masta ya karɓa ya sake aunawa da kansa, ya gyaɗa kai. Sharaɗin da suka yi shi ne, da safe yaron zai yi shara ya wanke inji ya koyi wasa wuƙa kaman kowane sabon yaro, da yamma kuma duk abin da aka ƙera a shagon ranar zai zana shi ya rubuta awonsa da irin ƙarfen da aka yi shi da shi a ajiye. Sandar injin kawu ce ta farko da suka zana, don masta bai manta awonta ba, yanzu suna da goma sha ɗaya.